Me Ya Sa Likita Ke Sa wa Jariri Roba ta Cibiya?

Bakwaini da aka haifa bai kai kilo ɗaya da rabi ba, jijiyoyin hannunsa sirara ne kamar zare. Ga shi yana buƙatar ƙarin ruwa da sukari da magani a sa'o'insa na farko. To ta ina za a ba shi? Ta cibiya.

Igiyar cibiya na da jijiyoyin jini uku. Ɗaya mai faɗi ce, ita ke kai wa jariri jini daga mahaifa lokacin da yake ciki. Sauran biyun ƙanana ne masu kaurin bango, su ke mayar da jinin. Bayan haihuwa ba sa toshewa nan take, shi ya sa a kwanakin farko likita kan iya zura siririyar roba a ciki. Kuma igiyar ba ta da jijiyar jin zafi, yanka ta ba ya yi wa jaririn ciwo.

Idan babbar jijiyar aka bi, robar tana wucewa ta gefen hanta har ta tsaya daf da zuciya. A halin gaggawa, kamar jaririn da zuciyarsa ke neman tsayawa, santimita 2 zuwa 4 kawai ake turawa, da zarar jini ya fito sai a ba da magani. Ƙaramar jijiyar kuwa, ta ita ake auna hawan jini da ɗiban jinin gwaji, ba sai an yi ta tsira wa jariri allura ba.

A asibitocinmu an fi sanin wannan aiki wajen ciwon shawara mai tsanani. Ta cibiya ake zare jinin jaririn kaɗan-kaɗan ana mayar masa da wani, kafin cutar ta taɓa ƙwaƙwalwa. Likita Louis Diamond na Boston a Amurka ne ya yaɗa wannan dabara a shekarun 1940.

Hatsari akwai shi. Ƙwayoyin cuta na iya bin robar, jini na iya daskarewa, idan ta kauce hanya kuma tana iya illata hanta. Don haka ake ɗaukar hoton cikin jiki a tabbatar da inda bakinta ya tsaya, ma'aikatan jinya kuma suna yawan duba ƙafafun jaririn ko sun canja launi. Robar ƙaramar jijiya bai kamata ta wuce kwana 5 ba, ta babbar kuwa kwana 14. Iyaye, kuna da damar tambayar likita kullum ko har yanzu ana buƙatarta, kuma ku wanke hannu sosai kafin ku taɓa jaririnku.