Adireshin MAC na wa kwamfutarka take rubutawa idan saƙo zai fita?

Assalamu alaikum, jama'a. Tambaya ɗaya ce ta sa na haɗa wannan bidiyo, kuma kwanan nan ta yi ta yawo tsakanin masu shirin jarrabawar CCNA da Network+, wato jarrabawar ƙwarewa a harkar sadarwar kwamfuta. Ga zanen nan a gabanku: kwamfuta a hagu, saba, wato kwamfutar da ake neman bayani daga gare ta, a dama, rauta biyu, wato na'urorin da ke miƙa saƙo daga wata sadarwa zuwa wata, a tsakani. Aka ce, a lokacin da saƙo ya bar kwamfutar, adireshin MAC na wa aka rubuta a gurbin mai karɓa? Da yawa suka ce na sabar. To, ba nata ba ne, na rauta ta farko ne. Idan kun gane dalili, rabin ruɗanin da ke cikin wannan darasi ya kau.

Bari mu yi sauri mu wuce abin da kuka riga kuka haddace. Tsarin OSI, wanda ke kasa aikin sadarwa mataki-mataki, hawa bakwai ne, amma yau hawa biyu kawai muke bukata. A hawa na uku ake samun adireshin IP, mai bit 32 a IPv4, kuma saƙon da ke ɗauke da shi sunansa fakiti. A hawa na biyu ake samun adireshin MAC, mai bit 48, wanda ke zuwa tare da katin sadarwa tun daga masana'anta. Rabinsa na farko ma lambar kamfanin ce, wadda hukumar IEEE ke bayarwa. Saƙon wannan hawa sunansa firam. Ku ɗauka fakiti mutum ne, firam kuma rigar da ya sa.

Nan za mu ja birki, domin nan ne ake tuntuɓe.

Kwamfutarmu tana da adireshi 192.168.1.10, mask ɗinta 255.255.255.0. Tana son ta yi magana da saba mai lamba 10.0.5.20. Kafin ta aika ko bit ɗaya, sai ta tambayi kanta: wannan da nake nema, muna cikin gida ɗaya ne, wato sadarwa ɗaya, ko yana waje? Mask ne ke ba ta amsa. Duk inda kuka ga 255, ɓangaren sunan gidan ne, inda kuka ga sifili kuma lambar mutum ce a cikin gidan. Ke nan gidanmu shi ne 192.168.1. Ta dubi na sabar, ta ga 10.0.5. Ba su yi daidai ba. Sabar tana waje.

Ku dubi abin da ya biyo baya da kyau. Kwamfutar ba ta ko gwada neman MAC na sabar, domin ta san ba za ta samu ba. Hanyar da ake neman MAC ita ce ARP, ƙa'idar da David Plummer ya rubuta tun 1982, kuma ARP shela ce. Kwamfuta tana ɗaga murya ga kowa da kowa, da adireshin nan mai F goma sha biyu a jere, ta ce wane ne mai lamba kaza, ya faɗo mini MAC ɗinsa. Ita kuwa rauta ba ta barin shela ta tsallake ta. Muryar tana ƙarewa a bakin ƙofa. Sabar da ke bayan rauta biyu ba za ta taɓa jin kiran ba, balle ta amsa.

Saboda haka sai kwamfutar ta juya ga ƙofar fita da aka saita mata, wato 192.168.1.1, ƙafar rautar da ke cikin gidanmu. Ita take tambaya da ARP. Rautar ta amsa. Yanzu ku kalli yadda saƙon ya haɗu: a cikin fakiti, IP na mai karɓa 10.0.5.20 ne, na sabar. A jikin firam, MAC na mai karɓa na rauta ne. Adireshi biyu, na'ura biyu daban, a saƙo guda. Ni dai a ganina wannan hoton ya fi cancanta a manna a bango fiye da jerin sunayen hawa bakwai ɗin nan.

Ga shi ya isa rauta ta farko. Ta ga MAC ɗinta ne, ta karɓa, ta tuɓe rigar ta yar. Ta karanta IP, ta duba jadawalin hanyoyinta, ta ɗinka masa sabuwar riga: mai aikawa yanzu ita ce, mai karɓa rauta ta biyu. Ta rage ɗaya daga lambar TTL, mai iyakance yawan rautar da fakiti zai iya ratsawa, ta tura. Rauta ta biyu ma haka. Sai dai ita sabar tana gida ɗaya da rauta ta biyu, don haka rautar ce ke yin ARP ɗin da ya samo MAC na sabar. Sai a zangon ƙarshe wannan adireshi ya bayyana. Riga uku aka sa a tafiyar, mutumin da ke ciki bai sauya ba.

Suwic fa, na'urar da ke haɗa kwamfutocin gida ɗaya? Masu tsara tambayoyi suna son su cusa suwic a cikin zane don su gani ko za ku ƙirga shi a matsayin zango. Kada ku ƙirga. Yana karanta MAC, ya miƙa firam ta ƙofar da ta dace, bai taɓa komai a jikinsa ba.

Na san wani zai rubuto ya ce ai IP ma yana sauyawa. Gaskiya ne, idan akwai NAT a hanya, wato dabarar musanya adireshin IP da wani, kamar lokacin da adireshin cikin gida irin 192.168 zai fita intanet. Amma idan tambaya ba ta ambaci NAT ba, kada ku kawo shi da kanku. A IPv6, sabon tsarin adireshin IP, kuma babu ARP, wata ƙa'ida mai suna NDP ce ke yin aikin, amma shawarar nan ta gida ko waje tana nan yadda take.

Ku gwada da hannunku, ina roƙonku, minti biyu ne. Ku buɗe wurin rubuta umarni, ku yi ping, wato umarnin gwada ko na'ura za ta amsa, zuwa 8.8.8.8, sabar DNS ta Google mai mayar da sunayen shafuka lambobin IP. Amsa za ta dawo. Sannan ku rubuta arp -a, umarnin da ke nuna jerin MAC ɗin da kwamfutarku ta samo ta ARP. Ku bi jerin nan layi-layi kamar yadda nake bi. Ga rautarku da MAC ɗinta, ga wasu na'urorin da ke tare da ku. 8.8.8.8 kuwa, wadda ta amsa muku yanzun nan, ba ta cikin jerin.