Hitar banɗaki: abin da ke cinye ta daga ciki

Assalamu alaikum masu kallo. Da sanyin hunturu ya kama, kowa sai ya tuna da hitar da ke rataye a banɗaki. Sauran watanni kuwa ba mai ko ɗaga kai ya dube ta, sai ranar da ruwan ya fito ja ko ta fara yoyo.

Ku dubi wannan da muka buɗe, mai cin lita 50. Tankin ƙarfe ne, an yi wa cikinsa shafi mai santsi don kada ruwa ya taɓa ƙarfen. Amma zafi da sanyi suna sa shafin ya tsattsage, ta nan tsatsa ke shiga. Shi ya sa aka saka wannan sandar kusa da ƙarfen da ke dumama ruwa. Da sinadarin magnesiyam aka yi ta, masu gyara suna ce mata anod. Aikinta ɗaya ne: tsatsa ta cinye ta maimakon tankin. Kun ga yadda ta rarake, saura 'yar waya? Wannan ta gama aiki. Daga ranar da ta ƙare, jikin tankin ne zai fara ruɓewa. A ganina babu asarar da ta kai mutum ya jefar da hita sukutum saboda sandar da kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Ku sa mai gyara ya duba ta duk shekara ko shekara biyu.

Idan ruwan rijiyar burtsatse kuke amfani da shi, a wasu unguwannin za ku tarar da farin ɓawo ya lulluɓe ƙarfen dumamawa, irin wanda ke taruwa a butar shayi. Shi ke sa hita ta riƙa ƙara, ta daɗe ba ta yi zafi ba, ta sha wuta. A kashe wuta, a zubar da ruwan, a kankare.

Ga ɗan bawul ɗin da ke jikin bututun ruwan sanyi, mai sakin ruwa in matsi ya yi yawa a tankin. Ruwa in ya yi zafi kumbura yake yi, don haka ɗigar da kuke gani lokacin dumamawa ba lalacewa ba ce. Don Allah kada ku bari kowa ya toshe shi. Ranar da na'urar daidaita zafi ta ƙi yanke wuta, wannan bawul ne zai hana tankin fashewa. Zafin kuma a bar shi a wajen digiri 60, domin ƙwayar cutar Legionella mai kama huhu, wadda aka gano bayan ɓarkewar da ta yi a Filadelfiya ta Amurka a 1976, a ruwa mai ɗumi-ɗumi take yaɗuwa. Sai dai a sirka kafin a yi wa yara wanka.

In yoyon daga jikin tankin yake, ba daga mahaɗar bututu ba, to walda ba za ta yi magani ba, sai sabuwa. Bangon da za a rataya ta ya zama mai ƙwari, don lita 50 ta ruwa kilo 50 ce, ban da nauyin tankin. A haɗa wayar kariya, wato wadda ke zubar da wutar da ta ɓalle zuwa ƙasa. Sannan a buɗe famfon ruwan zafi, a bar tankin ya cika har ruwa ya zubo babu iska, kafin a kunna. In aka ba ta wuta babu ruwa a ciki, nan take ƙarfen dumamawa zai ƙone.