Jawabin maraba ga Baba shugaban gunduma a ranar godiyar kaka

Baba Rabaran shugaban gundumar ikkilisiyoyinmu na ECWA, da Mama uwargida, fastoci da masu bishara da suka rako ku, ranka ya daɗe mai unguwa da ka amsa gayyatarmu kai da mutanenka, dattawan ikkilisiya, iyayenmu mata 'yan Zumunta, matasa da yaran makarantar Lahadi, ina gaishe ku duka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu.

Baba sannunku da zuwa, sannu da hanya. Mun san daga inda kwalta ta ƙare bayan Sumaila zuwa nan ba ƙaramin aiki ba ne, balle yanzu da damina ta gama cin hanyar, amma ga shi kun iso lafiya, mun gode wa Allah. Dattawa ne suka ɗora min in yi magana a madadin kowa, kuma sun ce kar in cika ka da lissafin baiko, wato kyautar da ake bayarwa a majami'a, tunda wannan yana rubuce za mu miƙa maka, abin da suke so ka gani da idonka ka ji da kunnenka yau shi ne waƙoƙinmu da aikin hannunmu.

Kakanninmu Maguzawa ne, manoma ne tun fil azal a wannan ƙasa, Hausa muka tashi da ita ba mu da wani yare. Da bishara ta iso musu ta zo da Littafi Mai Tsarki na Hausa wanda aka kammala a 1932, aikin da likita Miller na Zariya ya sha wahala a kai shekara da shekaru, ta kuma zo da Littafin Waƙoƙi. Waɗannan waƙoƙin har gobe muna rera su kuma muna ƙaunarsu, da su aka binne iyayenmu, sai dai yawancinsu fassara ce muryarsu ta Turawa ce. Tsofaffin farko kuwa da suka tuba ajiye ganga suka yi gaba ɗaya, don a wurinsu ƙarar ganga na tuna musu da bori da tsafin da suka baro. Ni dai ba na ganin laifinsu ko kaɗan, wanda ya san abin da ya gudo daga gare shi dole ya yi kaffa-kaffa.

To amma matan Zumunta ne suka buɗe mana wannan ƙofa, kuma Baba ina so a yaba musu a gabanka. Mace na surfe ko tana daka ko tana tsinkar wake a gona, ayar da fasto ya karanta ran Lahadi tana ta yawo a ranta, sai ta ɗora ta a kan muryar da ta gada wajen uwarta irin ta waƙar niƙa, ran taron Zumunta ta zo ta ba da waƙa sauran su amsa, a kawo tulu da caki da ganga, kafin wata ya zagayo waƙar ta kai ƙauyukan da ke kewaye da mu har yara na rera ta a wajen kiwo. Akwai iyayenmu a nan da ba su taɓa zama a aji ba, ba sa iya karanta ko harafi ɗaya, amma ka tambaye su labarin ɗa ɓatacce ko na Yusufu da 'yan'uwansa za su kawo maka shi tiryan-tiryan cikin waƙa. A gare mu wannan wa'azi ne cikakke, kuma ya shiga gidajen da fasto bai taɓa takawa ba.

Haka ma aikin hannu. Bencin da kake zaune a kai kafintanmu ne ya yi, tabarmin da yara ke kai na kaba ne matanmu suka saƙa, faifan da za a zaga da shi na baiko ma a nan aka ɗinka shi. Maƙerinmu shi ke yi wa garin nan garma da fartanya da lauje, Kirista da Musulmi duk wajensa suke zuwa, ga mai unguwa nan shaida ne, kuma ba a taɓa kawo ƙararsa kan ya ci amanar ƙarfen wani ba. Kwanon rufin majami'ar nan kaso mai yawa daga adashin mata ya fito, kuɗin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da daddawa. Mun karanta a Fitowa sura 31 yadda Allah ya cika Bezalel da Ruhunsa don ya yi aikin zinariya da tagulla da sassaƙar itace, Markus 6:3 ya nuna mana Ubangijinmu da kansa masassaƙi aka san shi a garinsu, manzo Bulus ɗinkin tanti yake yi, Dokas kuma da ta rasu rigunan da ta ɗinka ne gwauraye suka ɗaga suna nuna wa Bitrus suna kuka. Shi ya sa ba ma yarda wani ya ce wa yaranmu sana'ar hannu ta wanda ya kasa boko ce.

Yanzu ga kukanmu Baba. Da an gama girbi samarinmu sai su watse cirani, Kano, Abuja, Legas, wani acaba wani dako, wasu su dawo da damina wasu shi kenan sai dai a ji su a waya. Maƙera babu yaro mai zuga, masu ba da waƙa kuma tsufa ya kama su, kuma waƙoƙin nan babu inda aka rubuta su, a ka kawai suke, duk tsohuwar da Allah ya kira ta tafi da nata. Muna roƙo gunduma ta turo mana wanda ya iya ɗaukar murya da kyau ya zauna da iyayen nan a naɗi waƙoƙin, a rubuta su a littafi, a sa su a memori da WhatsApp don yaranmu da ke birni su riƙa ji. Muna kuma roƙon kekunan ɗinki ko da kaɗan ne da kayan kafinta, ɗakin koyarwa mu za mu gina da hannunmu, ƙasa da ƙarfi muna da su. Maganar ruwan sha ma tana nan, rijiyarmu na ƙafewa da bazara, mun sa ta a cikin takardar.

Ga 'yar tsarabarmu nan ba yawa, tabarma da faifai na Mama, ƙwaryar daddawa, buhun gero na sabon girbi da zakara. Yanzu zan roƙi Mama shugabar Zumunta ta taso da mutanenta su yi maka waƙar maraba da suka shirya, in sun gama sai mu saurare ka. Allah ya saka da alheri Baba, ya kuma mai da ku gida lafiya.