Lacca Kan Kalmar Turanci "Equate"

Assalamu alaikum. Na baya ku matso gaba, akwai wuri. Yau kalma ɗaya tak za mu ɗauka, wato equate. Ana furta ta "ikweit", kuma a gaɓa ta biyu ake ƙarfafa murya.

Asalinta daga harshen Latin ne, daga kalmar aequus, wato abin da yake shimfiɗe, ba tudu ba kwari. Daga saiwar nan aka samu equal da equation, har da equator, layin da ya raba duniya gida biyu, wanda ƙasar Ikwado ta samo sunanta daga gare shi.

To, me take nufi? Ɗaukar abu biyu a matsayin abu ɗaya. Ku ja layi a ƙarƙashin "ɗauka", domin nan ne gizo ke saƙar. Ba lallai abubuwan su zama daidai ba, mutum ne ya mai da su daidai a ransa. Mu Hausawa cewa muke yi an yi musu kuɗin goro. Idan Bature ya ce "Many people equate wealth with success", cewa yake yi jama'a da yawa suna ganin dukiya ita ce nasara, kuma galibi shi mai maganar bai yarda da hakan ba. Shi ya sa za ku yawaita ganin kalmar tare da cannot ko should not ko wrongly. Sau da yawa jan kunne ne ake yi da ita.

Abin da ya fi damuna a rubutun ɗalibai shi ne haɗa ta da compare. Ku dubi mai sayen hatsi a kasuwar Dawanau. Ya damƙi masarar wannan buhu a hannun dama, ta wancan a hagu, ya murza, ya ciza, ya duba ko akwai ƙwari. Wannan compare yake yi, kwatantawa, yana neman kama da bambanci. Amma da zai ce duk masara masara ce, farashi ɗaya zai biya, to ya yi equate. Na farko yana bincike, na biyu ya riga ya yanke hukunci. Idan ka rubuta cewa wani ya yi equate na shugabanni biyu alhali kwatanta su kawai ya yi, ka ɗora masa maganar da bai faɗa ba. Masu son aikin jarida da fassara, ku kiyaye wannan sosai, yana iya jawo rigima.

Sai ƙaramar kalmar da ke biye da ita. In mutum ne yake ɗaukar abu biyu ɗaya, with aka fi sa wa. In kuwa lissafi ne, kalmar "to" ta Turanci ake sa wa: "Two hours a day equates to fourteen hours a week." Awa biyu kullum ta kama awa 14 a mako. Nan babu ra'ayin kowa.

Na'am, 'yata, kina tambaya ko wannan equate ɗin ce malaman lissafi ke faɗa? Eh, ita ce ta ajin lissafi. Idan malami ya ce a yi equate na x² − 5x + 6 da sifili, sai ki sa alamar daidai tsakaninsu, ki warware, x ya fito 2 ko 3. Alamar nan mai layi biyu, wani likita ɗan yankin Wales, Robert Recorde, shi ya ƙirƙiro ta a 1557, bisa hujjar cewa babu abu biyu da suka fi layuka biyu masu tafiya kafaɗa da kafaɗa daidaito.

Masu kallon ƙwallo kuma, farke ci equalise ne, kada ku kawo equate wurin.

Kafin mu tashi, kowa ya rubuta jimla biyu, ɗaya da with, ɗaya da to, ya miƙo takardarsa gaba.