Ginin tunawa da Lincoln: yadda aka kafa dutse a kan fadama

Assalamu alaikum. Malamaina da 'yan'uwa ɗalibai, yau za mu duba ginin da Amurkawa suka yi a birnin Washington don tunawa da shugabansu na 16, Abraham Lincoln, wanda ya riƙe ƙasar lokacin yaƙin basasa, ya ayyana 'yanta bayi a 1863, aka harbe shi a watan Afrilun 1865. Tarihin mutumin sananne ne. Ni ginin zan ɗauka, musamman abin da ke ƙarƙashinsa, wanda mai ziyara ba ya gani.

Wurin da aka zaɓa ba ƙasa ba ce ta asali. Laka ce da aka yaso daga kogin Potomac aka cike fadama da ita. To, wa zai ɗora dubban tan na marmara a kan laka? Da aka fara aiki ranar 12 ga Fabrairun 1914, sai aka kafa manyan bututun ƙarfe guda 122, aka riƙa nutsar da su har suka taɓa dutsen ƙasa, a zurfin ƙafa 44 zuwa 65, aka kwashe lakar cikinsu, aka cika su da kankare. A kan waɗannan ne aka ta da ginshiƙan da suka ɗaga daɓen ginin sama, sannan aka tara ƙasa kewaye har ya zama kamar tudu.

Ku lura da kuskuren da aka yi. Babban ginin ya sami wannan tushe, amma dandamalin da ke kewaye da shi da hanyar shiga an bar su a kan ƙasar ciko, don a rage kuɗi. Tun kafin a buɗe wurin suka fara nitsewa, ginin kuwa yana nan daram, sai tsaga ta bayyana a mahaɗarsu. Dole aka koma aka yi musu tushe har dutse. Araha dai ba ta ado. Doguwar tafkin da ke gaban ginin ma haka ta yi ta nitsewa tana yoyo shekara da shekaru, sai tsakanin 2010 da 2012 aka sake gina ta a kan turakun katako fiye da 2,000.

Mai zanen, Henry Bacon, ya jera ginshiƙai 36 a waje, adadin jihohin ƙasar ranar da Lincoln ya rasu, kowanne tsayinsa ƙafa 44. Ba a miƙe suke sak ba. An ɗan karkatar da su ciki da gangan, domin in ginshiƙi mai tsawo ya miƙe sosai, idon wanda ke tsaye a ƙasa sai ya ga kamar saman ginin yana buɗewa waje. An kuma ɗebo duwatsun daga jihohi daban-daban: marmarar waje daga Colorado, bangon ciki daga Indiana, daɓe daga Tennessee, rufi daga Alabama. Na rufin an jiƙa shi da kakin farafin don haske ya riƙa ratsa shi.

Sai mutum-mutumin Lincoln da ke cikin ginin. Mai sassaƙa Daniel Chester French ya fara tsara shi a ƙafa 10, da aka auna shi da faɗin ɗakin sai aka ga zai ɓace a ciki, aka mai da shi ƙafa 19. Ba dutse ɗaya ba ne, gutsattsari 28 ne na farar marmarar Georgia, 'yan gidan Piccirilli suka sassaƙa su a New York, aka haɗa su a wurin, mahaɗar ba ta ganuwa sai ka matsa kusa.

Abin da ya fi damun French shi ne haske. Ya sassaƙa fuskar da zaton hasken zai sauko daga sama. Amma hasken rana da ke dukan farin matakala da ruwan tafki sai ya riƙa shigowa ta ƙofa daga ƙasa, inuwar gira da ta kumatu ta juye, fuskar mutum mai nazari ta koma ta wanda ya firgita. Sai da aka sa fitilun lantarki a saman rufin, aka kammala gyaran a 1929. Masu zane, ku riƙe wannan: a gwada haske a wurin da abu zai zauna, ba a ɗakin aiki ba.

Akwai kuma kuren mai sassaƙar rubutu. A jawabin rantsuwar Lincoln ta biyu da ke bangon arewa, ya yanka harafin E inda F ya kamata. An cike layin ƙasan, amma tabon yana nan.

An buɗe ginin ranar 30 ga Mayun 1922, ɗansa Robert Lincoln yana wurin. Abin takaici, a bikin karrama mutumin da ya 'yanta bayi, an ware baƙaƙen fata a wani ɓangare daban. Shekara 41 bayan haka, a kan matakalar wannan ginin Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙaƙen fata, ya yi shahararren jawabinsa, ranar 28 ga Agustan 1963.

A ƙarƙashin daɓen kuwa, ruwan sama na ratsa marmara yana narkar da farar ƙasar cikinta, yana ɗiga a hankali, har tsinkayen dutse sun zubo daga rufin ramin kamar na cikin kogo. Mai tambaya ya ɗaga hannu, bismillah.