Laccar masu situdiyo a Katsina: labarin na'urar PARIS

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla.

Yau wata na'urar ɗaukar sauti da haɗa waƙa zan ba ku labarinta wadda da yawanku ko sunanta ba ku taɓa ji ba, PARIS. Ba birnin Faransa ba fa, kar wani ya fara tunanin biza. Kamfanin Ensoniq na jihar Pennsylvania a Amurka ne ya fito da ita a 1997, kamfanin da tsoffin injiniyoyin kamfanin kwamfuta na Commodore suka kafa a 1982.

Ku yanzu laftop ɗaya da manhajar haɗa waƙa irin FL Studio ko Cubase da makirfo, an gama waƙa kafin la'asar. Lokacin can kwamfuta ba ta da wannan ƙarfin, ka loda mata muryoyi da yawa sai ta fara sarƙewa. Shi ya sa ita PARIS ba manhaja ce kaɗai ba, sai ka buɗe cikin kwamfutar ka soka wani kati mai suna EDS-1000, shi ke ɗaukar nauyin haɗa sautin, kati ɗaya na ɗaukar layin sauti 16, in kana son ƙari ka ƙara kati, sannan ga akwatin da ake jona wayoyin makirfo, ga kuma allon sarrafawa da ke kan tebur mai maɓallai 16 da kake turawa sama da ƙasa da yatsa kamar mikisa ta gaske. Waɗanda suka yi aiki da ita har gobe suna yabon sautinta, wai yana da ɗumi irin na tef.

To mi ya kashe ta? Wallahi ba rashin kyau ba ne. A 1998 kamfanin Creative ya sayi Ensoniq ya haɗe shi da wani kamfaninsa mai suna E-mu, hankalinsu na wani wajen, ba a jima ba aka daina ƙera ta. Manhajar ba ta tashi sai da katin, katin kuma sai kwamfuta mai irin ramin soka kati da ake ce wa PCI, wanda yau ko ka zagaye shagunan kwamfuta na garin nan da ƙyar ka samu. Masu ita ne da kansu suka riƙa rubuta direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke haɗa katin da kwamfuta, don ta ci gaba da aiki a sabbin Windows.

Abin da ya fi damuna ma fayilolin, tana da nata tsarin aje sauti da ake ce wa PAF, wanda ba kowace manhaja ke buɗewa ba. Kai ɗan'uwa mai jar hula, waƙoƙin bikin da ka yi bara, in manhajarka ta ƙi buɗewa gobe ina muryoyin? Ka fitar da kowane layi daban a WAV, tsarin sautin da kusan kowace manhaja ke buɗewa, ka aje a wani hard disk ɗin, ganga daban, fiyano daban, amshi daban.

An kira salla ko? To mu tashi, tambayoyi sai mun dawo.