Likitan da ya hana ni maganin sanyi a Hambug

Salamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri da ƙarar iskar nan, a bakin kogin Elbe nake, a Hambug ta ƙasar Jamus. Yanzu na fito daga wurin likitan mafitsara, kuma wallahi mamaki bai sake ni ba.

Wata takwas ina fama da ciwon mara. Zama ya gagara, fitsari kamar an barbaɗa barkono, ga ni direban motar kai kaya, wuni nake a kan kujera. Duk wanda na kira a gida amsa ɗaya ce: sanyi ne. Hajiya har sassaƙe ta aiko min ta hannun wani ɗan Agadas, Allah ya saka mata da alheri. Cipro kuwa, ƙwayar nan ta kashe ƙwayoyin cuta, na sha har na gaji.

Likitan nan, bawan Allah, ya auna fitsari, ya duba furostet, wato ƙullin da ke ƙasan mafitsarar namiji, da yatsa, wannan kam ba zan ba ku labarinsa ba. Ya ce babu ƙwayar cuta. Wai cikin maza 10 masu irin wannan ciwon, kusan 9 haka suke. Tsokar ƙasan mara ce ta ɗaure ta ƙi saki. Maimakon ƙwaya, sai ya tura ni wurin masu gashi. Gashi fa! Kamar wanda ya yi targaɗe a ƙwallo.

Na kasa haƙuri na tambaye shi yadda ya shiga wannan layi, da Jamusancina, ba tafinta. Shekara 6 a makarantar likitanci, 5 yana ƙwarewa a fannin mafitsara, sannan ya bar wa abokansa tiyatar dutsen ƙoda, ya zauna a kan ciwon da ko hoto ba ya nunawa. Sai da ya tambaye ni barcina, da aikina, har da zamana da iyali. Na yi ta sunkuyar da kai, shi ko a jikinsa.

Kuɗin gashin ma Yuro 10 ne da kashi 10 cikin 100 na kuɗin aikin, inshora ta ɗauki sauran. Jiran ganin likitan ne ya ci min rai.

Ku masu shiga kemis ku ce a ba ku Cipro kamar gyaɗa, ku kiyayi kanku. Tun 2019 Turai ta taƙaita shi, yana iya tsinka wa mutum agara. Ni na daina.

Ga jirgin ruwana ya iso. A tsaye zan tafi, kun san dalili.